Saul ɗan bora, Dawuda ɗan mowa? Yadda Allah ya hukunta sarakunan Isra'ila

Tambaya: Muna nazarin littattafan Sama'ila da Sarakuna a ajin matasa, sai wani ya ta da maganar da ta gagare ni. Saul ya miƙa hadaya kafin Sama'ila ya iso, ya kuma bar tumaki da shanu da rai, sai aka tuɓe shi. Dawuda ya kwana da matar sojansa, ya sa aka kashe mijin, amma a kan gadon sarautarsa ya tsufa ya mutu. Manassa ya shekara 55 yana ta'asa, Yosiya mai gaskiya kuwa an kashe shi a yaƙi yana ɗan shekara 39. Ina adalci a nan? Ko Allah ma yana da 'yan mowa da 'yan bora ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka rufe wa yaron nan baki. Ba shi ya fara ba. Yahudawan da aka kwasa zuwa Babila sun faɗi haka ƙarara, cewa hanyar Ubangiji ba daidai ba ce, kuma Allah bai yi musu tsawa su yi shiru ba, sai ya sa Ezekiyel ya ba su amsa ta sura guda (Ezekiyel 18). Inda lissafin ajinku ya rikice shi ne an zuba abu uku a kwano ɗaya, alhali littattafan sun ware su: gafarar zunubi, da abin da zunubi ke haifarwa, da rawanin sarauta. Mutum kan samu na farko ya sha na biyu. Ana iya tuɓe wa mutum rawani ba tare da an rufe masa ƙofar tuba ba. In aka ware su, yawancin ƙullin yana warwarewa. Akwai ragowar da ba ya warwarewa, shi ma za mu zo kansa.

A fara da Saul. Hukuncinsa hawa biyu ne, kuma dukansu a kan sarauta suke. A 1 Sama'ila 13, Filistiyawa sun kafa sansani a Mikmash, Saul yana Gilgal, mutanensa suna ta zamewa suna ɓuya a kogwanni, har waɗanda suka rage masa ba su wuce 600 ba. Tun a 10:8 Sama'ila ya ce masa ya jira kwana bakwai, shi zai zo ya miƙa hadaya ya kuma faɗa masa abin da zai yi. Masu wa'azi sukan ce laifin shi ne Saul ba firist ba ne. Wannan bai isa ba, domin an ce Dawuda ya miƙa hadayu ranar da aka shigo da akwatin alkawari, Sulemanu ma ya miƙa dubu a Gibeyon, ba wanda ya tsauta musu. Laifin yana cikin kashi na biyu na umarnin: ya jira a faɗa masa abin da zai yi. Sarkin Isra'ila wakili ne, kamar hakimi a ƙarƙashin sarki, yana karɓar umarni ta bakin annabi. An karanta masa wannan sharaɗi a gaban jama'a (12:14-15). Sarki na farko, a gwaji na farko, ya nuna in ƙasa ta ɗau zafi zai bi kansa. Hukuncin kuwa shi ne mulkin ba zai dore a gidansa ba, wato Yonatan ba zai gaje shi ba. A lura da aya ta 13: da ya yi biyayya, da an kafa mulkinsa har abada. Tayin gaskiya aka yi masa, ba tarko ba.

Hawa na biyu shi ne yaƙin Amalekawa a sura ta 15. Nauyin umarnin hallaka Amalek tambaya ce mai zaman kanta, amma kada a ce tausayi ne ya kama Saul. Aya ta 9 ta ce raunanan dabbobi marasa amfani ya hallaka, ya ajiye masu ƙiba da sarki Agag. Daga nan ya wuce Karmel ya gina wa kansa alamar tunawa. Sai ku bi hirarsa da Sama'ila ɗaki-ɗaki, domin a nan halin mutumin ya fito. Da farko ya tarbi annabi da cewa ya cika umarnin Ubangiji. Sama'ila ya ce, to kukan tumakin nan da nake ji fa? Sai ya ce mutane ne suka kawo, don su yi hadaya ga “Ubangiji Allahnka”. Aka sake matsa shi, ya sake cewa ya yi biyayya, mutane ne dai. Sai da aka yanke hukunci sannan ya ce ya yi zunubi, ya kuma liƙa dalili a wutsiya: tsoron mutane ya ji. Karo na biyu da ya ce ya yi zunubi, a aya ta 30, abin da ya biyo baya shi ne roƙon a girmama shi a gaban dattawa. Tuban muzuru ke nan, kaza tana baki.

Duk da haka ba wanda ya taɓa lafiyar Saul a ranar. Ya ci gaba da zama a kan gado shekaru masu yawa. Ga abin da ya yi da su: ya jefi Dawuda da mashi, ya jefi ɗansa Yonatan, ya sa Doyeg Ba'edome ya kashe firistoci 85 a Nob aka kuma karkashe garin har jarirai, ya karya tsohuwar rantsuwar Isra'ila ga Gibeyonawa, daga ƙarshe ya je wurin mai bori a Endor da dare cikin ɓad da kama. Mutumin da ya kasa ɗaga takobi a kan Agag bai yi wata-wata ba a kan firistocin Ubangiji. Waɗannan sun biyo bayan tuɓewa, don haka ba su ne dalilinta ba, amma sun nuna irin itacen da aka gani tun yana tsiro. Littafin kuma bai yi masa dariya ba. Sama'ila ya yi ta makoki dominsa, Dawuda ya yi masa waƙar makoki bayan Gilbowa.

Yanzu Dawuda. Duk wanda ya ce an sassauta masa a labarin, bai karanta 2 Sama'ila 11 a hankali ba. Sama'ila ya riga ya gargaɗi jama'a cewa sarki zai ɗauki 'ya'yansu da gonakinsu da garkunansu (1 Sama'ila 8), ga shi kuwa 2 Sama'ila 11:4 ta ce Dawuda ya aika aka ɗauko Batsheba, matar sojansa Uriya. Da ciki ya bayyana, ya kira Uriya daga fagen fama a Rabba don ya je gida a ce nasa ne. Uriya ya ƙi, ya ce akwatin alkawari da sojoji suna fili, ba zai je ya ci ya sha ya kwana da matarsa ba. Dawuda ya sa shi ya bugu, duk da haka ya kwana a ƙofar fada. Sai ya rubuta wa Yowab, shugaban sojojinsa, takardar kisa ya danƙa wa Uriya da hannunsa. Don abin ya yi kama da tsautsayin yaƙi, wasu sojoji ma suka mutu tare da shi. Da labari ya zo, Dawuda ya aika wa Yowab cewa kada ya damu, takobi yakan ci wannan ya ci wancan. Ya kuma yi shiru har aka haifi yaron, wato aƙalla wata tara ba tuba. Bisa Shari'ar Musa hukuncin zina kisa ne (Firistoci 20:10), mai kisankai kuma ba a karɓar diyya a kansa (Ƙidaya 35:31). Babu hadayar da aka tanada domin irin wannan, shi ya sa Zabura 51:16 ta ce da hadaya ake so da ya bayar.

Annabi Natan ya zo masa da ƙara kamar ta talaka: mai arziki da garkuna ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta maƙwabcinsa ya yanka wa baƙo. Laifi tudu ne. Dawuda ya fusata, ya ce mutumin ya cancanci mutuwa, zai kuma biya riɓi huɗu, daidai da Fitowa 22:1. Natan ya ce, “Kai ne mutumin.” Hukuncin kashi uku ne: takobi ba zai rabu da gidansa ba, masifa za ta taso masa daga cikin gida, abin da ya yi a ɓoye za a yi wa matansa da rana tsaka. Amsar Dawuda kalma biyu ce kacal a Ibraniyanci: na yi wa Ubangiji zunubi. Bai ambaci mutane ba, bai ambaci matar ba, bai roƙi a rufa masa asiri a gaban dattawa ba. Kada a raina wannan, domin ga abin da sauran sarakuna suka yi da masu faɗa musu gaskiya: Asa ya jefa Hanani a kurkuku, Amaziya ya ce wa annabi wa ya naɗa ka mashawarcin sarki, Yowash ya sa aka jajjefe Zakariya ɗan Yehoyada a farfajiyar Haikali, Yehoyakim ya yayyanka littafin Irmiya da wuƙa yana jefawa a kasko.

Abin da aka ɗauke wa Dawuda abu ɗaya ne: “ba za ka mutu ba.” Sauran duka ya biya. Yaron ya mutu a rana ta bakwai. Ɗansa Amnon ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe, Dawuda ya ji haushi ƙwarai amma bai yi komai ba, ai wanda ya yi abin da ya yi da wane baki zai tsauta. Bayan shekara biyu Absalom, ɗan Dawuda kuma wan Tamar, ya kashe Amnon, ya gudu Geshur shekara uku, ya dawo ya ƙara biyu a Urushalima bai ga fuskar ubansa ba, sannan ya tayar. Dawuda ya bar birninsa ba takalmi, kai a lulluɓe, yana kuka. Aka kafa wa Absalom alfarwa a kan soron fada ya shiga wurin ƙwaraƙwaran ubansa guda goma a idon jama'a, a kan soron da Dawuda ya fara hango Batsheba. Mai ba da wannan shawara Ahitofel ne, wanda yake da ɗa mai suna Eliyam, sunan mahaifin Batsheba ke nan, shi ya sa masu sharhi da dama suke ɗaukarsa kakanta. A kurmin Ifraimu mutum 20,000 suka mutu, Absalom ma ya mutu a hannun Yowab. Bayan rasuwar Dawuda, Sulemanu ya sa aka kashe Adonija. Tun da daɗewa masu sharhi suke ƙirga 'ya'ya huɗun nan su tuna da riɓi huɗu da ya yanke da bakinsa. Daga sura ta 12 har ƙarshen littafin, Dawuda bai sake samun kwanciyar hankali a gidansa ba. In ɗan mowa ke nan, ban san wanda zai yi masa hassada ba.

Ku kuma duba yadda kowannensu ya riƙe rawanin. Saul ya kama gefen rigar Sama'ila har ta yage, ya ƙare rayuwarsa yana farautar wanda zai gaje shi. Dawuda kuwa, yana gudu daga Absalom, ya ce wa Zadok firist ya mayar da akwatin alkawari cikin birni: in na sami tagomashi zai komo da ni, in kuma ya ce ba ya jin daɗina, ga ni, ya yi da ni yadda ya ga dama (2 Sama'ila 15:25-26). Da Shimai ya bi shi yana zagi yana jifa, ya hana a sare kansa.

Ga ragowar da na ambata. Tuba ba ta sayi rayuwar Dawuda ba, domin Shari'a ba ta ce mai kisankai ya tsira in ya yi nadama ba. Kuma alkawarin da ya tsare gidansa ya riga laifin zuwa. A 2 Sama'ila 7:14-15 Allah ya ce in ɗan Dawuda ya yi laifi zai hore shi da sandar mutane, amma ba zai janye ƙaunarsa ba kamar yadda ya janye ta daga Saul. An ambaci Saul da suna. Saboda haka mai koyarwa ya faɗi gaskiya: akwai zaɓe a nan, Dawuda ya sami abin da bai cancanta ba. Abin tambaya shi ne ko an zalunci Saul, ko an hana wasu irin wannan jinƙai. Saul ya sami abin da sharaɗin naɗinsa ya ce, har da dogon jinkiri. Jinƙan kuwa ba gadon gidan Dawuda ba ne, kuma babbar hujja ita ce Ahab.

Labarin Ahab da Nabot (1 Sarakuna 21) kusan tagwayen na Dawuda ne. Sarki ya ga abin talaka ya yi kwaɗayi. An shirya kisa ta wasiƙa, wannan karon Yezebel ta rubuta da hatimin mijinta, aka samo shaidun zur biyu, aka jajjefe Nabot. Annabi ya tare sarki, wato Iliya. Marubucin ya ce ba a taɓa yin wanda ya sayar da kansa ga mugunta kamar Ahab ba. Amma da Ahab ya yage tufafinsa ya sa tsummoki ya yi azumi, Allah ya ce wa Iliya, ka ga yadda ya ƙasƙantar da kansa? Aka ɗage rushewar gidansa zuwa zamanin ɗansa. Ahab ba jikan Dawuda ba ne, ba shi da alkawari, tubarsa ma ba ta yi nisa ba, domin a sura ta gaba ya sa an kulle annabi Mikaiya. Duk da haka ɗan abin da ya yi an ƙirga masa. Sakamakon kuma bai fasa ba: kibiya ta same shi a Ramot-gileyad, karnuka suka lashe jininsa a tafkin Samariya, daga baya Yehu ya jefa gawar ɗansa Yoram a gonar Nabot. Haka ma Yerobowam ɗan Nebat: an yi masa tayin gida mai dorewa irin na Dawuda in ya yi biyayya (1 Sarakuna 11:38), ya zaɓi maruƙan zinariya a Betel da Dan don tsoron kada jama'a su koma Urushalima. Ƙa'idar tana rubuce a Irmiya 18:7-10: hukuncin da aka furta yakan janye in an juyo, alherin da aka furta ma yakan janye in an kauce.

Gidan Dawuda ma bai tsira daga sandar ba. Maimaitawar Shari'a 17:14-20 ta hana sarki tara dawakai, da mata, da azurfa da zinariya, ta kuma umarce shi ya kwafi Shari'a yana karantawa kullum. 1 Sarakuna 10 da 11 sun jera wa Sulemanu karusai 1,400 da mahaya 12,000, da talanti 666 na zinariya a shekara, wato sama da tan 20, da mata 700 da ƙwaraƙwarai 300. Wanda ya san dokar zai gane ba yabo kaɗai ake yi ba, takardar tuhuma ce. Kabila goma suka fita daga hannun ɗansa.

Kan batun Manassa da Yosiya, sai an san yadda ake karanta rahoton kowane sarki. Marubucin Sarakuna yana da tsari kusan ɗaya: shekarar hawa gado, ana gwada ta da ta sarkin ɗaya masarautar, shekarun haihuwa da sunan uwa, in sarkin Yahuza ne, tsawon mulki, sai hukunci, ko ya yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji ko ya yi mugunta, sai 'yan labarai, sai mutuwa da binnewa da magaji. Sarakunan arewa, wato masarautar kabila goman nan, su 19, ba ɗaya da ya sami cikakkiyar shaidar kirki. A Yahuza takwas ne suka samu: Asa, Yehoshafat, Yowash, Amaziya, Azariya wanda ake kira Uzziya, Yotam, Hezekiya da Yosiya, kuma shida daga cikinsu da “amma” a gaba, cewa ba a kawar da masujadan tuddai ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki tsawon mulki ko arziki a matsayin makin da Allah ya ba mutum. Layin hukunci daban, layin shekaru daban. Omri ya kafa Samariya, sunansa yana kan dutsen Mesha sarkin Mowab, Assuriyawa sun daɗe suna kiran Isra'ila gidan Omri, amma 'yan ayoyi aka ba shi. Rubutun Shalmanesar na Uku ya lissafa Ahab da karusai 2,000 da sojoji 10,000 a yaƙin Karkar, shekara ta 853 kafin haihuwar Almasihu, Littafi Mai Tsarki ko ambaton yaƙin bai yi ba. Yerobowam na Biyu ya yi shekara 41, ya faɗaɗa iyaka, an ce ya yi mugunta, sannan an bayyana dalilin nasararsa: Allah ya ga wahalar talakawan Isra'ila, ba mai taimako, sai ya cece su ta hannunsa (2 Sarakuna 14:26-27). Nasarar sarki ba kullum ladansa ba ce.

Sai kuma a karanta littattafan Sarakuna da na Tarihi tare, a san tambayar da kowanne yake amsawa. Sarakuna ya ƙare da sakin Yehoyakin daga kurkuku a shekara ta 37 ta bautarsa, yana bayyana wa waɗanda ke Babila dalilin rushewar Urushalima. Tarihi ya ƙare da shelar Sairus sarkin Farisa ta komawa gida, yana gaya wa waɗanda suka dawo cewa hanyar juyowa a buɗe take. Don haka 2 Sarakuna 21 ya kawo bagadan gumaka a cikin Haikali, da miƙa ɗansa a wuta, da jinin marasa laifi da ya cika Urushalima, ya tsaya nan. 2 Tarihi 33 ya ƙara cewa Assuriyawa sun kama Manassa da ƙugiya suka kai shi Babila a sarƙa, ya ƙasƙantar da kansa ƙwarai, aka ji addu'arsa aka komo da shi, ya fitar da gumakan. Ba saɓani ba ne, rabon nan ne dai na gafara da sakamako. Mutumin ya sami jinƙai, ƙasar da ya lalata shekara da shekaru ba ta gyaru ba. Ɗansa Amon ya koma kan tsohuwar hanya, bayinsa suka kashe shi bayan shekara biyu, 2 Sarakuna 24:3-4 kuma ta ce jinin nan yana cikin abin da ya jawo faɗuwar Yahuza.

Yosiya ya fi wuya, kada a yi kamar ba haka ba. Ya hau gado yana da shekara 8, a shekara ta 18 ta mulkinsa aka sami littafin Shari'a a Haikali, ya yi gyaran da aka ce ba sarkin da ya yi kamarsa. Annabiya Hulda ta ce masifar tana zuwa, amma shi za a kai shi kabari lafiya, idanunsa ba za su gan ta ba. Sai ga shi ya fita ya tare Fir'auna Neko a Magiddo a shekara ta 609 kafin haihuwar Almasihu, aka harbe shi. Tarihi ya ce Neko ya gargaɗe shi cewa ba da shi yake yaƙi ba, kuma gargaɗin daga Allah ne, Yosiya bai ji ba. Wato nagartar mutum ba ta mayar da kuskurensa dabara. Ta ɗaya ɓangaren, an binne shi a kabarinsa a Urushalima birnin yana tsaye, shekara 23 kafin a ƙone shi a 586. Ɗansa Zadakiya ne ya ga abin da aka ce uban ba zai gani ba: an yanka 'ya'yansa a gabansa a Ribla, sannan aka ƙwaƙule masa idanu. Wannan yana rage zafin tambayar, bai kashe ta ba. Irmiya ma makoki ya yi, bai yi bayani ba.

Mafi nauyi a wurina ba sarakunan ba ne, waɗanda suka sha wuya ba su ci ba su sha ba ne: jaririn Batsheba, Tamar da ta zauna a gidan wanta a wulaƙance, ƙwaraƙwarai goman da aka kulle har mutuwarsu kamar gwauraye, mutum 70,000 da annoba ta kashe bayan ƙidayar Dawuda. Nassi bai ce jaririn ya yi laifi ba. Dawuda da kansa ya yi wannan ƙara: ni na yi zunubi, tumakin nan me suka yi? Shari'a ta hana alƙali kashe ɗa saboda uba (Maimaitawar Shari'a 24:16), Amaziya ya bi ta ya bar 'ya'yan waɗanda suka kashe ubansa, Ezekiyel kuma ya ce wanda ya yi zunubi shi zai mutu. Alhakin laifi ba a gadonsa, amma ɓarnarsa tana malala, kuma ta shugaba ta fi nisa. Littattafan nan ba su nuna cewa an gama biyan kowa haƙƙinsa a duniya ba. Amsar Kirista tana Romawa 3:25-26, inda Bulus ya yarda cewa Allah ya jingine zunuban dā bai hukunta su ba, ya ce gicciye ne ya nuna shi mai adalci ne duk da haka. Wato kalma irin ta Natan ta “ba za ka mutu ba” ta bar bashi a ƙasa.

Akwai wuraren da aji kan karkace. Wani zai ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, me ya kai Batsheba wanka a fili. A mayar da shi ga nassi: Dawuda ne a kan soro, shi ya aika, Natan ya kwatanta ta da 'yar tunkiya, 2 Sama'ila 11:27 kuma ta ce abin da Dawuda ya yi ne ya ɓata wa Ubangiji rai. Wani zai mai da Dawuda garkuwar shugabannin ikilisiya da suka ci amana, a ce kada a taɓa shafaffe. Saul ma shafaffe ne da mai, an kuwa tuɓe shi. Dawuda ya ƙi kashe Saul a kogo, amma ya fito ya faɗa masa laifinsa a gaban sojojinsa, ayar Zabura 105:15 kuwa, wadda ta hana taɓa shafaffu, a kan su Ibrahim da Ishaku da Yakubu take magana. Gafara ba ta wajabta mayar da mutum kan kujera. Wani kuma zai ɗauki kuturtar Uzziya, wadda ta fito masa a goshi yana riƙe da faranti na turare a gaban firistoci 80, ya ce duk mai ciwo laifi ya yi. A can nassi ne ya faɗi dalili. Inda bai faɗa ba, Ayuba da Yahaya 9:3 sun hana mu ƙirƙira.

Matasanku suna zaune da maƙwabta Musulmi, ya kamata su san cewa a wurinsu Dawuda da Sulaiman annabawa ne, yawancin malamansu ba su yarda da labarin Batsheba yadda yake a nan ba, ko da yake Suratu Sad ta kawo masu jayayya biyu, mai tumaki 99 da mai guda ɗaya, da istigfarin Dawuda. A yi maganar da ladabi, a kuma san cewa ba a kan tushe ɗaya ake tsaye ba.

In za ka koma ajin, ka raba su gida biyu, ɗaya ya karanta 1 Sama'ila 15:13-31, ɗaya 2 Sama'ila 12:1-15, kowa ya rubuta abin da sarki ya ce, da abin da aka yafe, da abin da ba a yafe ba. Sannan ka sa wani ya karanta jerin jarumawan Dawuda a 2 Sama'ila 23 da ƙarfi har aya ta 39. Bayan an gama kirarin waɗanda suka kashe ɗaruruwa da waɗanda suka ɗebo masa ruwa daga rijiyar Baitalami, sunan da aka rufe jerin da shi shi ne Uriya Bahitte. 1 Sarakuna 15:5 ta yaba wa Dawuda ta ce sai dai a kan maganar Uriya, Matiyu 1:6 kuma, cikin asalin Yesu, bai kira uwar Sulemanu da sunanta ba, matar Uriya ya ce.